Aman

Asibitin Illela, ɗakin maza, gado na bakwai,
nan na kwana tara ina jinyar yayana Arzika.
Fanka ta mutu tun ranar da muka zo,
zafi ya zauna mana kamar mai bin bashi.

A gado na takwas akwai wani tsoho Ba'abzine,
Agali, in ji takardar da ke rataye a ƙafar gadon.
Ɗansa ya kawo shi daga can bayan Tawa,
ya juya sayar da amale don kuɗin magani,
ya bar shi da shuɗin rawani, da tasbaha,
da harshen da duk ɗakin babu mai ji.

Dare na biyu ya kamo gefen rigata.
"Aman," ya ce. "Aman."
Na zabura, na janyo tasa daga ƙarƙashin gado,
na tara masa a haɓa, ina shafa bayansa:
"Yi abinka, Baba, ciwo bai san kunya ba."
Ya dubi tasa, ya dube ni,
ya ture ta da bayan hannu, ta yi kuka a siminti.

"Mi yac ce?" in ji Arzika cikin magagi.
"Amai shika ji, kuma ya ƙi tasa."

Na ɗaga murya, sai ka ce ƙarfi ne fassara.
Na gwada Fillancin da nake sayen nono da shi,
na gwada Zabarmanci, kalma uku da na tsinta a Kwanni.
Duk suka faɗa tsakanin gadajen nan biyu
kamar guga a rijiyar da ta ƙafe.
Tsoho ya juya fuska bango.

Can wajen asalatu Arzika ya nemi sha.
Na karkata gora bisa moɗa,
ashe ƙarar zubar nan ce tafintan da muke jira.
Tsoho ya waiwayo, leɓe a tsage kamar fadama a bazara,
ya miƙa yatsa yana rawa.
"Aman."

Wayyo ni.
Dare guda ina tara wa mai ƙishirwa tasa.

Moɗa uku ya sha bai numfasa ba.
Na dafe ciki, na kwatanta masa abin da na zata,
dariya ta kama shi har gado na girgiza,
har Kulu mai aikin dare ta leƙo da tocila.

Daga nan muka buɗe makaranta babu allo.
Ya nuna hasken da ke shigowa ta taga: "Tafuk."
Na ce rana.
Na ɗaga gora na ce ruwa,
ya jujjuya kalmar a baki kamar busasshen dabino,
ta fito da ƙyar, amma ta fito.

Dare na takwas barci ya sace ni a kan tabarma.
Sai na ji sanda na dukan ƙarfen gado,
da wata murya mai tsatsa tana kira da Hausata:
"Ruwa! Ruwa!"
Na miƙe na nufi gora, ya girgiza kai,
ya nuna sama da kan Arzika.
Ledar ƙarin ruwa ta tsotse,
jini ya fara hawa siririn bututu.
Ban san sadda na kai ƙofar Kulu ba, ba takalmi.

Ranar da aka sallame mu ɗansa ya dawo,
saurayi mai Hausa tas, irin ta 'yan tasha.
Ya tsaya tsakaninmu: "Bari in gaya maka abin da Baba ke faɗi."
Tsoho ya kawar da shi da bayan hannu,
daidai yadda ya yi wa tasa.

Ya riƙe moɗata, ya ƙi saki.
Na ce aman.
Ya ce ruwa.
Na bar masa ita.