Mai Raɗa a Bayan Labule

Shekara tara ina zaune bayan labule
a Gidan Matasa na Damagaram,
kan benci mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗu,
takardun wasa a cinya, tocila a haƙora.
Aikina raɗa. Ɗan wasa ya manta, in jefa masa kalma.
Shi ya sa na san wasan nan
fiye da wanda ya rubuta shi, Allah ya jiƙansa.

Gida ne aka kafa a dandali, babu algus:
randa ta gaske, tabarma ta gaske,
har buta mai yoyo aka aro daga Birni.
Malam Lawali, tsohon akawu, farin jini kamar sabon wata.
Baƙo ya zo, a ɗebo masa hatsi.
Ƙane ya zo, a ɗebo.
Maroƙi ya ambaci kakansa, a ɗebo biyu.
Ƴan kallo na tafi, har da masu guɗa.

Sai Habsu matarsa, makullin ɗakin hatsi a wuya.
Ita ce muguwar, kowa ya sani.
A kashi na biyu ta ce hatsi ya ƙare
alhali da sauran buhu da rabi.
Daga nan ake fara jifa da ɓawon gyaɗa.

Ni dai zama ya koya mini ƙirga.
Lawali ya buɗe baki sau ɗari biyu da sha ɗaya,
karin magana ashirin a ciki, duk kirarin kyauta.
Habsu sau talatin da huɗu,
bakwai daga ciki "To, Malam."
Sauran ranta an cusa shi cikin baka biyu, da ƙananan baƙaƙe:
ta shigo da ruwa, ta fita da kwano, ta shigo da ruwa.
A garin da famfo ke kwana biyar yana tari
marubuci bai faɗi inda ta samo ruwan ba.

Ku kuma auna kalmar nan, a ɗebo.
Wa zai ɗebo?
Nahawu ya ɓoye hannun.
Tun daga farko har a ja labule
Malam bai taɓa tashi daga tabarma ba,
sai sau ɗaya, don gyara hula.

Cima ce ke fitowa a Habsu, tela ce a Zango.
Ran nan a Kasuwar Dole mai tumatir ta hana ta sayayya,
ta ce, "Je ki dafa makullinki."
Tana faɗa tana gyara ɗauri,
nata makullin na kaɗawa a bakin zane.

Daren ƙarshe, kashi na uku,
wurin da za ta durƙusa ta ce, "Na tuba, rowa ce ta rufe mini ido,"
Cima ta durƙusa, ta yi gum.
Na raɗa.
Na sake raɗawa.
Taku biyu ne tsakanin bakina da kunnenta, ta ji ni sarai.
Sai ta ciro makullin, ta aza kan tabarma,
ta ce, "Malam, tiya nawa gidan nan ke ci a wata?"

Kyari, mai fitowa a Lawali, ya waigo wajen labule,
idonsa na roƙona.
Na buɗe shafi, na koma baya, na lashi yatsa, na sake buɗewa,
tocila na rawa a bakina.
Babu. Ba a taɓa ba shi wannan amsa ba.

Wuri ya yi tsit har ana jin janareta.
Can daga bencin baya wata murya ta ce, "Arba'in da biyar!"
Wata ta ce, "Sittin, in da baƙi."
Wani namiji ya yi dariya, shi kaɗai, bai kai ƙarshenta ba.

Na zaro fensir daga bayan kunne,
na rubuta duka biyun a gefen shafi na saba'in,
kusa da inda aka ce ta shigo da ruwa.