Mai Gyaran Agogo Ya Je Gyara

Shekara talatin da huɗu ina duƙe
a rumfata, bakin babbar kasuwar Tawa,
madubi a ido ɗaya, hantsaki a hannu,
ina leƙen cikin agogunan mutane.
Lokacin kowa na gyara.
Nawa yana taruwa a ƙeya, ban sani ba.

Da fari tsami ne kawai, bayan la'asar.
Abarshi mai aski yakan kama haɓata,
ƙas! dama, ƙas! hagu,
in ƙara masa dala ashirin, in yi godiya.
Sai kiyashi suka fara sintiri
daga kafaɗa zuwa kan yatsu.
Wata Laraba, kusar agogon wani malamin lakwal,
wadda ba ta kai ƙwayar riɗi ba,
ta kuɓuce mini sau uku.
Na ce ya dawo jibi.
Na rufe rumfa rana tsaka, na rasa abin faɗa a gida.

Likita ya ɗaga hoton wuyana ga hasken taga:
"Ka ga wannan kwararo? Ta nan laka take bi.
Ƙashi ya yi gini, ya ci hanya."
Na gane. Haka muka yi wa lungunmu a Bilbis,
kowa ya ƙara tubali ɗaya
har jaki da mangala ya daina wucewa.

Motar Yamai ta tashi kafin asuba.
Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso,
babu ramin da wuyana bai ƙirga ba.

A Yantala, bayan wata farmasi, ɗakin yake.
Sunan sana'arta ya fi ƙarfin harshena,
nata sunan Madam Gambina.
Na zaci murɗa za ta yi, na cije.
Ta sa ni tafiya bisa layin siminti,
ta ce in ɓalle maɓallin rigata, in mayar,
ta ƙwanƙwasa gwiwata da ƴar guduma,
ta daɗe kan hoton, ba ta ce uffan ba.
Sannan da Hausarta mai gishirin Zabarmanci:
"Wannan wuya ba na ƙas ba ne, Baba.
Wa yake murɗe maka shi?"
Ban tona Abarshi ba.

Na kwanta. Ta tallabe ƙeyata
kamar mai ɗaukar ƙwai daga ƙarƙashin kaza,
ta ja, kaɗan, ta tsaya tana saurare.
Na san wannan tsayawar.
Haka nake kara agogo a kunne
kafin in taɓa shi da ƙarfe.

"Ba zan buɗe maka kwararon ba," in ji ta.
"Hannu ba ya rushe ƙashi.
Naman da ya ɗaure zan lallasa,
in koya wa kanka zama bisa kafaɗunsa.
In ƙafa ta fara harɗewa,
ko cokali ya faɗi daga hannunka,
kada ka zo nan. Wuce wajen masu fiɗa, ranar."
Ban taɓa jin mai gyara ya faɗi iyakarsa
kafin ya karɓi kuɗi ba.
Ni kaina ban cika yi ba.

Zuwa shida, kwana ashirin a gidan ɗan ƙanwata.
Kiyashin ba su ƙaura duka ba,
biyu ko uku suna nan a babban yatsa,
amma ina barci, ina waiwaye in an kira ni.

Yanzu teburina yana tsaye bisa bulo huɗu.
Akwai wani agogon ƙararrawa
da mai shi bai dawo ɗauka ba tun bara waccan,
shi na ɗora wa aikin tsawata mini:
ya kaɗa, in ajiye hantsaki,
in ja haɓa baya, in ɗaga kai.

Ashe kantin da ke kallona shuɗi ne.
Ashe tsattsewa ta yi gida a rufin rumfata,
har ta ƙyanƙyashe.

Jiya na zauna gaban Abarshi.
Ya gama, ya miƙo hannu wajen haɓata.
Na ce, aski kawai.