Ɗauko Mini

Shekara talatin ina loda buhun albasa
a kasuwar Aliero,
ban taɓa tambayar bayana ko ya yarda ba.
Jaki ma, in an sauke masa mangala,
akan shafa a ga inda ta goge shi.
Ni sai in karkaɗe riga,
in sha fura a tsaye, in koma.

Ranar da bayan ya yi magana
ba buhu na ɗauka ba.
Buta ce, ruwanta ma rabi.
Na sunkuya, wani abu ya ce ƙas a ƙasan ƙugu,
na tsaya a lanƙwashe kamar lauje
har liman ya yi sallama.

A asibitin Birnin Kebbi
Malama Hajo ba ta yi mini allura ba.
Biro ta yar a ƙasa,
ta ce, “Baba Nomau, ɗauko mini.”
Na miƙa hannu, ƙafafu a sandare.
Ta ce, “Tsaya nan. Wa ke aikin?
Gwiwa ta zama 'yar kallo,
cinya ta naɗe hannu,
an kira gayya, an bar wa ƙashin baya gonar.”
Na ji haushi.
Kuɗin mota na kashe, zuwa da dawowa,
don 'yar cikina ta koya mini ɗaukar biro?

Kwana uku ina kwance a tabarma ina cika ina batsewa,
sai ga jikana Arzika,
wanda ko yaye ba a gama yi masa ba,
ya hangi buzuzu a gindin randa.
Ya tsuguna,
duga-dugai sun kama ƙasa,
baya a miƙe kamar karan dawa,
ya gama kallonsa, ya tashi cak,
ba nishi, ba dafa bango.
Ba wanda ya koya masa.
To ni, a wace kasuwa na sayar da nawa,
kuma nawa aka ba ni?

Yanzu da asuba, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa,
nakan zagaya jikina
yadda nake zagaya fadama bayan ban-ruwa.
Yatsu, kun kwana lafiya?
Idon sawu, ina gajiya?
Nan na gano da haƙora a cije nake kwana,
kamar mai ciniki da dillali a mafarki.
Kafaɗuna sun yi ƙaura sun tare kusa da kunne,
kullum sai na lallashe su su dawo gida.
Numfashi kuwa a maƙogwaro yake tsayawa,
baƙon da aka bari a zaure.
Na ce masa, shigo,
cikin nan naka ne.

Har ruku'u na sake koyo.
Ashe gaɓoɓi suna so a jira su.

Ciwon bai tafi duka ba.
In hadari ya haɗo daga gabas yakan leƙo,
mu gaisa, in rage kaya, ya wuce.

A kasuwa 'yan dako suna dariya,
wai Baba sai ya gaida buhu kafin ya ɗaga.
Gaskiyarsu.
Nakan matso, in raba ƙafa, in sauka da gwiwa,
in rungume shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Kurmi,
in saki numfashi, mu miƙe tare.

Jiya Ɗan'ige, wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa,
ya same ni a bayan rumfa
hannunsa ɗaya a ƙugu,
yana waige kada a gan shi.
Ya ce, “Baba, wane magani ka sha?”
Na zaro albasa guda daga bakin buhu,
na yar a gabansa.
Na ce, “Ɗauko mini.”