Tsibirin Ruwa, Sau Uku

Kakana Aukusti bai yarda da taswira ba.
Ya ce takarda bakinta ɗaya,
ƙasar nan kuwa da baki uku take magana.

Ran da na zo da na'urar ɗaukar murya
daga ofishin da ke biyana in tattara sunaye,
ya tura kwalekwale cikin ruwan Varanger.
Sha ɗaya na dare, rana ta ƙi faɗuwa.
Ya nuna garin da haɓa, hannunsa na kan igiya:

Vadsø, in ji 'yan Norwe masu sikeli da hatimi.
Čáhcesuolu, in ji Sami masu garken barewa.
Vesisaari, in ji mu Kven,
da yunwa ta koro daga Finland,
gatari a kafaɗa, yaro a goye.
Fassara su, ya ce. Na fassara.
Tsibirin ruwa. Tsibirin ruwa. Tsibirin ruwa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
mutum uku sun sha a ido guda,
kowa ya goge baki ya ce shi ya gano.

A hanyar komawa ya koya mini karatun.
Inda babban jirgi ke jefa anga, saurari Norwe.
Inda aka share ciyawa aka kafa ɗakin wankan tururi,
namu ne, ko an sake masa riga.
Amma rafi, da fadama, da dutsen da ba ya ciyar da kowa,
waɗannan sai wanda ya daɗe yake raɗa musu suna.
In kin ji suna ba ya nufin komai a bakin mai faɗarsa,
kayan aro ne.
Bi shi gida-gida har ki kai harshen da yake da ma'ana,
nan ne mai shi.

Gonarmu a takarda Fredheim ce, gidan salama.
Magatakarda ne ya zaɓa,
a shekarun da doka ba ta sayar da fili
sai ga suna irin na gwamnati.
A gida ba wanda ya taɓa kiranta haka.
Hiljanniitty muke cewa, makiyayar Hilja,
uwar kakana, wadda ta tumɓuke duwatsun da hannunta
har farce biyu ba su sake tsirowa ba.
Na rubuta da alfahari: ga na asali.

Kakana ya ce, kada ki yi saurin rufe littafi.
Je ki gaida Gáddjá.

Na same ta tana ɗinkin takalmin fata,
zaren jijiya tsakanin haƙora.
Ta ce, Hilja? Mace ce mai kirki, ta ba mu madara.
Amma kafin laujenta,
nan barewarmu ke zuwa haihuwa,
kuma sunan wurin ke nan: Mahaifa.
Ta faɗa da harshenta sau biyu, a hankali,
don kada na'urata ta karya masa ƙafa.

Na ce, to, mun kai gindi.
Ta ciji zaren ta tofar.
Rafin da ke bayan gidanku fa?
Ta kira shi. Gaɓa biyu, kamar tsakuwa ta faɗa ruwa.
Me yake nufi?
Ta ɗaga kafaɗa. Kakata ma ba ta sani ba.
Haka muka tarar da shi, a ajiye,
kamar murhun da aka bari da ɗumi
masu shi ba su dawo ba.

Takardar ofis gurbi uku gare ta.
Na cika ukun.
Na huɗun na rubuta a gefe da fensir,
inda aka ce kada a rubuta komai.