Ƙugiya

Malama Kulu ta ce Marwanu ba dolo ba ne,
haruffa ne ke juya masa baya:
b ta koma d, d ta koma b,
kamar kifi a ruwan da aka dama.

Ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi,
ta zuba darasi, ta ce,
"Kullum bayan magariba."

Ni da ban wuce aji biyu ba.

Data ta cinye kuɗin tarwaɗa uku.
Sabis sai kan tudun bayan tasha,
Kwara na ƙasanmu,
sauron Yawuri na karɓar harajinsa.

Murya a waya ta ce, "ɗa."
Yaro ya ƙura ido,
ya ɗora yatsa mai ƙarni.
"Baba, wannan ai ƙugiya gare ta!"

Ran nan ya kamo ɗa, ya kamo ɗaki,
ɗorawa ta kuɓuce masa sau biyu.
Ban tsawata ba. Masunci ya sani,
ba a fizgar fatsa da gaggawa.

Jiya ya karanta rubutun jikin jirgina,
wanda na biya aka yi shekara tara.
Ya ce mai fenti ya ci mini harafi ɗaya.