Baitin da Ta Hana Ni

A bakin Inna Barira na ɗauko waƙar,
a Garin Malam, bayan dutsen da awaki ke kwana,
ranar da famfo ya cika kwana tara ko tari bai yi ba.
Tana jan guga tana rerawa,
igiya na yi mata kiɗa a bakin rijiya.
Ban ce a ba ni ba. Na danna waya cikin aljihu.

Wata uku ina jiƙa ta kamar fata a majema.
Na kankare gashin da ya yi mini yawa:
wani Ɗan Tunku da take zagi,
bashin gero tiya huɗu,
jakin da ya mutu a hanyar Mirriya.
Inda take nishi in guga ya yi nauyi
na bar wa jita ta yi nishin.
Na zuba "masoyiya" sau shida don 'yan kabu-kabu.

Ta riga ni shiga Kasuwar Dole.
Mai shayi ya sa, mai cajin waya ya sa,
yara na kirana da amshinta.
Sai a lokacin kunya ta tuna da gidana.

Na je da goro, da atamfa, da jikka biyar.
Ta saurara har ƙarshe tana tsinke yakuwa.
Ta ce, "Ina jakin?"
Na ce ya fita, Inna.
"To wa zai kai ruwan gida?
Waƙar nan ta yi wanka, ta sa turare,
amma ba ta taɓa jan guga ba.
Rijiyarmu gaba goma sha biyu ce.
Mai wannan sauri, a rabi numfashi zai bar shi."

Na ce a yafe mini, na yi sata.
Ta yi dariya har ta sarƙe.
"Wa ka yi wa sata?
A bakin Kyallu na tsince ta, Babarbariya mai kanwa,
haƙorana na gaba ba su gama fitowa ba.
Ban jin yarensu. Inda kalma ta fi ƙarfina
sai in cusa tawa, in dai tsawon ya zo ɗaya.
Jakin nawa ne. Ɗan Tunku ma nawa ne,
Allah ya ji ƙansa, bai biya ba.
Ita Kyallu, wa ya san raƙumin da ya kawo mata?
An ce kayan aro ba ya rufe katara.
Wannan ta rufe tawa shekara sittin."

Ta ƙulle kuɗin a bakin zane,
atamfar ta ce launin 'yan mata ce.
"Akwai baiti guda da wayarka ba ta kama ba.
Ba na yin sa sai guga ya dawo da laka."
Na ce ki faɗa mini.
Ta miƙo mini igiya.

Yau asuba goma sha ɗaya ke nan ina zuwa.
Tafina ya fashe, tsirkiya ta gagari yatsuna.
Ruwan ya ƙi ƙarewa.
Tana kan turmi, baki gum, tana cin gorona.

Ɗazu, a ja na bakwai,
wani sauti ya kuɓuce daga ƙirjina.
Ba nata ba ne, ba na Kyallu ba.
Ta ɗago kai, ta ce, "Sake."