Haƙori a Cikin Gilashi

Da safe na tsallaka gadar Ngeli,
takardu uku a naɗe cikin hula.
Jandarma ya juya su, ya sake juyawa,
sai da jaka guda ta shiga tsakaninsu
sannan hoton ya yi kama da ni.

Kuɗin banda na zo karɓa Njamena.
Mai bashi ya ce sai la'asar.
Rana ta koro ni,
na faɗa gidan tarihi don fanka kawai.

Ashta, mai nuna kayan, ta tsayar da ni gaban gilashi.
Haƙori ne, baƙi wuluk, bai kai babban yatsa ba.
Ta ce na doki ne mai kofato uku,
kakanninsa daga bayan teku suka taso
sa'ad da ruwa ya ja baya ya bar turba.
Baki a ciyawa, taki ɗaya, taki biyu,
uwa ta mutu, 'ya ta ci gaba da kiwo,
babu wanda ya san tafiya ake yi.
Giwa kuma, in ji ta, daga nan ta yi arewa
har sanyi ya sa mata bargon gashi.

Na ce to, Allah mai iko,
ina neman kujera.

Sai idona ya faɗa kan wani ƙashi.
Wannan ba sai an karanta mini ba,
shekara talatin ina tsame irinsa daga miya:
gadon bayan giwan ruwa ne.
Ina aka samo?
Cikin rairayi, can inda raƙumi ke kwana da ƙishi.

Nan ƙafafuna suka yi sanyi.
Kakana Ɗanjuma daga Haɗeja ya biyo kifi zuwa tafki,
tafkin ya ja, ubana ya bi shi,
ni na tsaya Kusuri da kwando da sikeli.
Yauni, bargi, ragon ruwa,
rabona da babban yauni tun auren Barmani.
Wa zai sa nasa ƙashin a gilashi,
wa zai rubuta sunan daidai?

La'asar ta yi, mai bashi bai fito ba.

A kan gada, da magariba,
wata dorina ta huro ruwa a tsakiyar kogi,
kunne ɗaya a Chadi, ɗaya a Kamaru.
Jandarma ya miƙo hannu.
Na cire hula.